Ƙuri'a Ashirin da Tara a Kular Shinkafa

Ranar da Abban Shifa ya sauko daga ofishinsa riƙe da ambulan, idonsa na ƙyalli kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka, na san hutuna ya ƙare. Shekara ashirin da uku muna tare, na san wannan kallon. Shi ya yi min lokacin da ya ce zai noma gero a bayan gidanmu a Birmingham.

"Zinatu, zaɓe ya zo," ya ce.

"Wane zaɓe kuma? Ba an yi na council an gama ba?"

"Wannan namu ne. Na layi."

Bari in yi muku bayani, don ni ma sai da aka yi min sau uku. Shagona yana kan wani layin kasuwa a Sparkhill, daf da Stratford Road, ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta. Mijina Abdulsalam akanta ne, ofishinsa yana saman shagon, ko tari ya yi ina ji. Layin namu yana cikin wani tsari da ake ce wa BID. Kowane shago yana biyan ɗan ƙarin haraji a kan na council, wato ƙaramar hukuma, kuɗin kuma a layin ake kashe shi: a share titi, a rataya furanni, a kunna fitilu da azumi da Kirsimeti, a biya masu gadi biyu da ke zagayawa. Duk bayan shekara biyar sai a aiko wa kowa takarda, a ci gaba ko a daina. Ka yi alama a eh ko a'a, ka sa a ambulan ɗin da suka haɗo maka, ka jefa a post. Iyakar abin ke nan.

Ni furanni ba su dame ni ba, tattabaru ne ma ke cin moriyarsu. Baba Ebenezer ne ya dame ni.

Shi ke share mana layi, shekara goma ke nan. Mutumin Kumasi ne, a gefen Zango ya tashi, don haka Hausa a bakinsa take, kullum sai ya leƙo ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya? Ya kasuwa?" Kafin zuwansa, sai na tsallake ƙasusuwan kaza da kwalayen chips kafin in kai ga kwaɗon shagona, akwai ma wani ɓera da ya ɗauke ni 'yar haya. Chloe, baturiyar da ke riƙe da ofishin BID ɗin, ba ta ɓoye mana ba a wurin taro: in a'a ta yi rinjaye, ƙarshen Maris za a rufe, kowa ya kama gabansa. Ita yarinya ce mai digiri, gobe ta samu wani aikin. Baba Ebenezer fa? Shekara sittin da uku, gwiwa ɗaya tana ƙara kamar ƙofar langa-langa, ga jikarsa Delight da yake riƙo tun rasuwar uwarta. Wa zai ɗauke shi aiki?

Don haka a ranar na yi wa eh alama, na liƙe ambulan, na tsallaka titi na jefa a jan akwatin post da ke gaban chemist. Na dawo na tarar da Abban Shifa tsaye a ƙofar shago ya ɗora hannu a ka.

"Me kika yi yanzu?"

"Zaɓe na yi."

"Kin jefa ƙuri'arki a akwatin kan titi kin juya baya kin taho? Wa ke gadinsa?"

"Wa zai saci akwatin da aka dasa a siminti?"

"Inna lillahi! Zinatu, da iliminki? Ƙuri'a ai kasawa ake, a tsare, a raka!"

A nan gizo ke saƙar. Kafin mu zo Ingila, Abban Shifa ya taɓa zama ejan a rumfar zaɓen unguwarsu a Kano. Tun asuba yake tsaye da bironsa da takardarsa, ko fitsari bai je ba. Ana gab da fara ƙirga, sai ga wata farar bas ta tsaya, samari suka diro suka sure akwatin, suka bar shi da biro da takalmi ƙafa ɗaya. Wannan labarin babu wanda bai ji shi ba. Likitanmu ya ji, mai kawo mana wasiƙu ya ji, Baba Ebenezer kuwa ya ji ya fi sau ɗari, don shi kaɗai ne ba ya iya gudu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, na sani. Amma shekara ashirin da ɗoriya ana zabura, ai abin ya zama sana'a.

Washegari kamfen ya kankama. Ya ɗauki tsintsiyata ta gida, wadda na sa aka kawo min daga Kurmi, ya damƙa wa Baba Ebenezer, ya tsayar da shi a jikin bango ya ɗauki hoto. Kafin la'asar an buga fosta ɗari biyu: Baba Ebenezer ya ɗaga tsintsiya sama, fuskarsa kamar ta wanda aka kama da kayan sata, a ƙasa an rubuta EBENEZER SAI KA YI, BIYAR A KAN BIYAR. Da Hausa fa, a layin da Hausawa ba mu fi mu biyu ba. Wani ɗalibi ɗan Kaduna har ya shigo shagona yana tambaya ko jam'iyya ce ta buɗe reshe, yana son katin zama ɗan jam'iyya.

"Alhaji, ni fa ban tsaya takara ba," in ji Baba Ebenezer.

"Duk ɗan takarar kirki haka yake cewa. Jama'a ce ta tsayar da kai."

Sai aka zo kan shinkafa. Wai ba a neman ƙuri'a da ciki wayam. Kwana uku ina tsaye a kan dafa-duka, ni da ke da shago, ni da ke da ciwon baya! Na ce masa ban ga dalili ba, ya ce don Baba Ebenezer ne, ya kuwa san in ya faɗi haka bakina ya mutu. Ya riƙa zubawa a robobi yana bi shago-shago. Chloe ta same shi a gaban shagon mai aski, ta ce masa cikin ladabi ba a ba wa masu zaɓe abinci.

"Wannan ba na zaɓe ba ne, na zumunci ne," ya ce da ita da Turancinsa na ofis. "Ɗanɗana ki ji."

Ta ɗanɗana. Roba biyu ta tafi da su, ta kuma dawo tambayar ko akwai irin yajin nan.

Duk wannan na shanye. Abin da ban shanye ba shi ne kulata. Babbar kular da mahaifiyata ta ba ni, mai ruwan goro, wadda ta yi sunan Shifa ta yi walimar saukarta. Na shigo kicin na tarar da bawan Allah ya sa wuƙar burodi ya tsaga murfinta, ya huda gefe ya sa kwaɗo.

"Abban Shifa! Kular Inna?"

"Akwatin zaɓe ne yanzu. Ta samu ƙarin girma."

Wallahi da ba don ina tsoron Allah ba, da ludayin da ke hannuna ya samu ƙarin girma shi ma. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Bai ma lura ba, yana can yana zagaye.

Ga yadda yake yi. Ya shiga shago da kula a hammata, ya tambaya ko an jefa ƙuri'a. In an ce an jefa a post, sai ya girgiza kai ya yi wa ƙuri'ar addu'a ya fita. In an ce ba a jefa ba, to an shiga uku. Zai zauna. Zai ba da labarin farar bas. Ba zai tashi ba sai mai shago ya nemo takardarsa ya shiga ciki ya yi alama ya liƙe ya zura a kula. Bai taɓa leƙa abin da mutum ya zaɓa ba, a nan kam ba shi da laifi, yana cewa sirrin ƙuri'a amana ne. Kuma a ganinsa wanda ya ci shinkafarka ya gama magana.

Wata safiya ina goge gilashin shago na ji Baba Ebenezer yana ce masa, "Alhaji, waɗanda ba su jefa ba ɗin nan, da ka ƙyale su. Wanda ya jefa ya jefa."

"In ƙyale su? Ƙuri'a ɗaya tana kayar da gwamna!"

"Haka ne. Amma da ka ƙyale su."

"Kai dai ka ci gaba da shara. Siyasa ka bar wa masu ita."

Baba Ebenezer ya tura kurarsa ya yi gaba.

Ranar Alhamis ƙarfe biyar na yamma ake rufe zaɓe. Kamfanin da aka ɗauka ya ƙirga kuwa a Manchester yake. Tun saura sati Chloe take roƙonsa ya buɗe kular nan a zuba takardun a post. Ya ce sam. Ranar Laraba ta zo da fuskarta ja, ta ce yanzu post ba zai kai ba, sai dai a miƙa hannu da hannu kafin biyar. Abban Shifa ya yi murmushi har kunne. Abin nema ya samu, dama rakiyar yake jira.

Ni na bi su ne don 'yata. Shifa tana uni a Manchester, tana zaune a wani flat a Hulme da ƙawayenta, ba zan ji ana zuwa garin da 'yata take in zauna ba. Na haɗa mata kilishi da yaji da miyar kuka a roba. Baba Ebenezer kuma aka sa shi ɗaukar hutun rabin yini, wai ɗan takara ne ke raka akwatinsa.

Ranar Alhamis ɗin da mun tashi tun goma, amma saura ƙuri'ar Iqbal mai nama. Mutumin nan shi ya fi kowa cin shinkafata, roba biyar na lissafa masa, amma ya ce takardarsa ta ɓata. Abban Shifa ya zauna masa a kan kujerar kwastoma har sai da aka tsamo ta daga ƙarƙashin sikeli, duk ta yi maiƙo. Ita ce ta ashirin da tara, har da ta Abban Shifa kansa. Muka yi azahar, ɗaya da rabi muka hau hanya. Shi yana tuƙi, ni a gefensa, Baba Ebenezer a baya ya rungume kula a cinya, an zagaya belt an ɗaure su tare. Motar duk ƙamshin dafa-duka.

Babbar hanyar M6 ranar kamar an share mana ita. Muka wuce Stafford, waya tana cewa uku da kwata muna Manchester. Har na fara tunanin zan samu lokacin duba ɗakin Shifa in ga ko tana wanke-wanke.

Sai Baba Ebenezer ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ban sani ba ko idona ne. Farar motar nan ta bayanmu, kamar tun Birmingham nake ganinta."

Na ga wuyan Abban Shifa ya sandare. Ya kalli madubi. Ya sake kallo.

"Fara?"

"Fara sol."

"La haula wala ƙuwwata! Sun zo."

"Su wa?" na ce. "Su wa suka zo? Abban Shifa, Ingila muke! Ka jefa dutse sama a ƙasar nan, kan farar van zai faɗo!"

Ina! Ya riga ya kunna sigina. Muka sauka daga M6 wajen Stoke. Tsautsayi kuma, van ɗin ita ma nan za ta sauka. Shi ke nan, ai ta tabbata. Muka shiga shataletale, ya zagaya sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har miyar kukar Shifa ta fara neman hanyar fita. Van ta wuce abinta, na ga rubutun jikinta ƙarara.

"Mai gyaran famfo ne! Ga hoton famfo nan!"

"Waccan ma ta Kano sunan makarantar Islamiyya ne a jikinta."

Ya miƙo hannu ya kashe wayar da ke nuna mana hanya, ya karɓi tawa ya kashe, ya ce da su ake bin sawun mutum. Baba Ebenezer da kansa ya miƙo tasa, ba a ma tambaye shi ba. Muka faɗa wata 'yar siririyar hanya, shinge dama shinge hagu, ko keke biyu ba za su gifta juna ba. Gabas muke yi ko yamma, Allah kaɗai ya sani. Abban Shifa ya ce shi da rana yake gane hanya. Wace rana? Tun Litinin rabon da a ga rana a ƙasar.

Ƙarfe uku muna bayan wata tarakta mai ɗauke da taki. Minti ashirin da biyar muna bin ta, na toshe hanci da mayafi ina faɗa ta cikinsa. Da ta kauce, muka samu babbar hanya har da allo mai cewa Manchester, na ce alhamdulillahi. Ba mu yi minti biyar a kanta ba Baba Ebenezer ya ce, "Alhaji, ga wata kuma."

Muka sake faɗawa daji.

A can muka tarar da shanu suna tsallaka hanya. Ba Bafulatani, ba sanda, wani dattijon bature ne a kan ƙaramin babur mai ƙafa huɗu, shanun kuma kowace tana tafiya kamar amarya. Na ƙirga saba'in na gaji. Abban Shifa ya sauke gilashi yana yi musu irin kiran da yake ji a kasuwar shanu a Kano, ko kallonsa ba su yi ba. Tun da an tsaya, muka shimfiɗa darduma a bakin wata gona muka yi la'asar ɗaya bayan ɗaya, don ba a barin akwati ba mai gadi. Baba Ebenezer yana zaune da kula, ya buɗe kilishin Shifa yana ci a nutse.

"Kai ba ka damu ba?" na ce masa. "Aikinka ne fa a cinyarka!"

"Hajiya, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Kilishin nan na Kano ne?"

Ƙarfe huɗu da kwata na ƙwace wayata na kunna, na ce wanda ya isa ya taɓa. Ashe mun kusa shiga Wales. Na riƙa ba da umarni, dama, hagu, miƙe, Abban Shifa yana bi, gumi na ɗiga daga ƙarƙashin hularsa. Baba Ebenezer ya fara cewa, "Alhaji, kamar ga wata..." na juya na watsa masa kallon da nake yi wa masu taya atamfa rabin kuɗi, ya haɗiye sauran.

Muka shiga Manchester daidai lokacin da duk garin ya tashi daga aiki. Motoci sun tsaya cak. Biyar saura goma muna hango ginin, ba damar isa. Abban Shifa ya bar min mota a tsakiyar titi, ya fizgi kula, ya tattare babbar riga ya zura da gudu. Ban taɓa ganin yana gudu ba tun da na aure shi. Takalminsa ɗaya ya fita, bai tsaya ba.

Kafin in samu wurin ajiye mota mu iso, ni da Baba Ebenezer da takalmin, biyar da minti goma sha ɗaya. Ashe ƙofar baya ya fara zuwa, sai da ya zagayo. Muka same shi a gaban wata mata mai gilashi yana roƙo.

"Haba Hajiya," yake ce wa baturiya, "minti nawa ne? Ki duba girman Allah. Ina ogan naku? A kira min oga mu yi magana."

Matar ta ce ita ce ogan. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma biyar ta wuce. Ta kalli kula, ta kalli kwaɗo, ta kalli ƙafarsa mai safa, ta tambaya ko yana son ruwa.

Ya fito ya zauna a kan matakala, kula a gefensa. Duk faɗan da na tanado tun daga Stoke sai na neme shi na rasa. Tausayinsa ya kama ni. Ya dubi Baba Ebenezer.

"Na kashe ka, Ebenezer. Ƙuri'a ashirin da tara. Da hannuna na kashe ka."

"Sa takalminka, Alhaji. Ƙasa da sanyi."

Shifa ta samu miyar kuka rabi da ledar kilishi, ta tambaya da Turancinta na Birmingham me ya sa Daddy ba ya magana. Na ce gajiya ce.

Juma'a da hantsi Chloe ta shigo shagona a guje, ta rungume ni har da ɗan tsalle. Eh arba'in da ɗaya, a'a talatin da uku. An ci! Na ƙwala guɗa, abin da rabona da yi tun bikin ƙanwata, har masu gadi suka leƙo. Abban Shifa ya sauko, ya ji, ya yi sujada a kan kafet ɗin shago. Da ya ɗago sai ga tsohon kallon nan ya dawo.

"Kin gani? Ba tare da namu ba ma! Da kular nan ta isa, saba'in za mu yi. Sai dai su ji ana labari."

Chloe ta ce abu ɗaya ya rage: a mayar wa kowa ambulan ɗinsa, a kuma ba shi haƙuri. Ranar Litinin muka fita tare, don na ce in bai mayar min da kulata a gabana ba ban yarda ba. Muka fara da Iqbal mai nama.

Abban Shifa ya miƙa masa ambulan mai maiƙo, ya fara jawabin ban haƙuri, yana cewa ai ko ba komai ɓangarenmu ya ci.

"Ɓangaren wa?" in ji Iqbal. Ya ajiye wuƙa. "Kana nufin a'a ɗina bai shiga ba?"

"A'a ɗinka?"

"To da me? Ni ina biyan council, in kuma biya furanni? Brother Abdul, ka zaunar da ni awa biyu, ka sa na yi zaɓe, sannan ka tafi yawon ganin shanu da ƙuri'ata?"

"Amma ka ci shinkafa. Roba biyar."

"Shinkafar ta yi daɗi. Ka ce ta zumunci ce."

Abban Shifa ya fito kamar an zare masa laka. Muka shiga wurin mai sayar da waya. A'a. Mai kafet, a'a. Mai gwal ya buɗe tasa a gabanmu ya nuna mana, a'a ce har ya ja mata layi biyu. Matar da ke sayar da kayan zaƙi, wadda ta karɓi fosta uku ta manna a taga, ta ce ita hoton ne ya burge ta. Mutumin naku akanta ne, hannunsa ba ya iya zama, ya ciro biro yana jan layi a bayan fosta. Da muka kai ƙarshen layin ya tsaya ya haɗa. A cikin ashirin da tara, eh shida ne, har da tasa. A'a ashirin da uku.

"Arba'in da bakwai," ya ce a hankali. "Su kuma hamsin da shida."

Ba sai ya ƙarasa ba. Da kular nan ta isa kafin biyar, da Baba Ebenezer ya rasa aikinsa da ƙuri'a tara. Garin neman gira, saura ƙiris a rasa ido.

Ya miƙo min kula ba tare da ya kalle ni ba, ya hau sama. Ranar ko tarinsa ban ji ba.

Na haɗa shayi na fita neman Baba Ebenezer. Na same shi yana share ƙofar Iqbal, Iqbal ɗin yana ciki yana sara ƙashi kamar ƙashin ne ya yi masa laifi. Raina ya ɓaci sosai. Mutum ya share maka ƙofa shekara goma, kullum ka ce masa good morning, sannan ka shiga ɗaki ka rubuta a kore shi!

"Baba Ebenezer, ka ji lissafin? Ashirin da uku!"

Ya karɓi shayi ya kurɓa.

"Ni ashirin da huɗu na lissafa. Ashe mai wanki ya canza ra'ayi. Allah ya yi masa albarka."

Na saki baki.

"Kana sane?"

"Hajiya, wa ke kwashe sharar mutanen nan? Mai eh tun satin farko ya jefa a post, kamar ke. Mai a'a ba ya wahalar da kansa, a kwandon shara yake jefawa, ko ya ɗora sikeli a kai. Suna barcinsu lafiya Alhaji ya je ya tashe su da shinkafa."

Sai M6 ta dawo min. Gyaran muryar nan, da wayar da ya miƙa ba a tambaye shi ba, da yadda yake cin kilishi a gaban shanu.

"Farar motar nan fa?"

"Ba fara ba ce?"

"Fara ce."

"To."

Na rasa dariya zan yi ko salati. An sake sace wa mijina akwati, wannan karon ɗan takararsa ne da kansa, kuma yana ɗaure da belt.

"Me ya sa ba ka faɗa masa gaskiya tun farko ba?"

"Na faɗa, a gabanki. Ya ce in ci gaba da shara." Ya juya kofin a hannunsa. "Kuma ban so in matsa ba. Shekara talatin ina ƙasar nan, Hajiya, wasu a layin nan har yau ba su san sunana ba. Ba wanda ya taɓa manna hotona a bango. Delight ta ɗauki ɗaya ta kai makaranta, ta ce wa malamarsu kakanta ne. Kin ga yadda Alhaji ya yi gudu da takalmi ƙafa ɗaya? Don ni fa. Kada ki faɗa masa maganar motar nan."

Hawaye ya zo min, na ce turaren shago ne ya shiga idona, alhali muna tsakiyar titi. Ban faɗa wa Abban Shifa ba, kuma ba zan faɗa ba. Yanzu labarin farar mota biyu yake bayarwa, ta Kano da ta Stoke, ni kuma in ya fara ba na tashi.

Baba Ebenezer ya shanye shayinsa ya miƙo min kofin. Ya ɗauki tsintsiya ya koma kan ƙofar Iqbal, don akwai sauran takardu a bakin kwata.